Kwanon da Ya Cinye Mini Babur

Ku samarin da kuke zama teburin mai shayi a bakin tashar Kazaure, na ji abin da kuke cewa. Wai aikin Baba Ilu ba aiki ba ne, yawo ne: ya rataya jaka, ya shiga kasuwa, ya ɗaga kwanon mutane ya leƙa gindinsa, ya dawo gida ya kwanta. Har wani a cikinku, mai wandon nan da ya matse shi kamar a jikinsa aka ɗinka, ya ce idan na mutu shi zai gaje ni. To madalla, Allah ya ba ka. Amma tsaya ka ji abin da za ka gada, kada ka zo daga baya kana zagina ina kwance ba ni da bakin ramawa.

Sunan aikin a takarda dogo ne, kuma da Turanci yake. Ni kuwa a aji uku na firamare na yi sallama da malamai, ba don na ƙoshi da karatu ba, su ne suka ƙoshi da ni. A bakin mutanen kasuwa dai sunana mai duba awo. Wata ƙungiya nake yi wa aiki, ta kare haƙƙin masu saye a jiharmu. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta 'yan kasuwa ba. Yankina shi ne Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, wani lokacin in leƙa 'Yankwashi in hanya ta biya da ni. A jakata akwai wuƙar kankare gindin kwano, da kwalbar lita saboda 'yan bumburutu masu sayar da fetur, da 'yar guduma. Sai babbarsu, wadda muke kira uwar kwano: kwanon awo ne na asali da ba a taɓa buga masa gindi ba, da shi ake gwada duk sauran. In kwanonka ya yi daidai da ita, mu gaisa. In bai yi ba, mu tafi wajen sarkin kasuwa.

A kasuwar Babura na koyi awo, wajen Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, Allah ya yafe masa, mu ma ya yafe mana. Ranar farko bai bar ni na taɓa hatsi ba. Yashi ya ba ni. Wata uku ina bayan rumfa ina auna yashi, yana zaune yana cin goro yana kallon wuyan hannuna. In na zuba da nauyi ya ce, "Kai Ilu, sadaka ka zo yi?" In na zuba da sauri ya ce, "Wa yake korarka?" Sai da hannuna ya iya sakin hatsi sako-sako daga sama, yadda ƙwayar za ta zauna da iska a tsakaninta, sannan ya ce na fara zama mutum. Wannan na sayarwa ne. Na saye kuma dabam: ka girgiza kwano, ka danna, ka tokare bakinsa da hannu har tozon ya hau. Tozo shi ne tudun hatsin nan da yake hawa sama da bakin kwano, kuma a ƙasar nan ba wanda yake sayen hatsi ba tozo.

Kawu yana da kwano biyu, Yaya da Auta. In ka ajiye su gefe da gefe sai ka rantse tagwaye ne. Yaya shi yake karɓar hatsi a hannun manoma. Auta shi yake sallamar masu saye, musamman mutanen Nijar da suke zuwa da sefa suna sauri kada motarsu ta tashi. An ɗan buga wa Auta gindi da taɓarya, an narka kyandir an zuba a ciki, an shafe da dusa. Dukansu ƙarƙashin buhu ɗaya suke kwana. Wurin musanya su kuwa shi ne gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya mai jiki, an zo lafiya. Kafin a kai ga tambayar lafiyar dabbobi, Yaya ya shige, Auta ya fito. Har yau in mai awo ya cika gaishe ni, hannunsa nake kallo.

Shekara da shekaru ina wannan, har na gaji rumfar Kawu da kwanukansa, sai ranar da wata 'yar gajeriyar mata mai tabarau ta tsaya a gabana ta ce gero take so kwano goma. Na yi mata gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikoki, alhali ban san ko tana da su ba. Na auna. Sai ta zura hannu cikin mayafi ta ciro nata kwanon.

"Malam, sake auna mini da wannan."

Goma ta koma takwas da ɗan abin da kaza za ta tsattsaga. Mutane suka fara taruwa. Na ɗaga yatsa sama zan fara rantsuwa, ta ce, "Kada ka rantse, azahar ta kusa, da wane baki za ka yi salla?" Sannan ta rage murya. "Hanya nawa ka sani irin wannan?"

"Ranki ya daɗe, wace iri?"

"Ta cuta."

Na ce ban san ko ɗaya ba, tsautsayi ne. Ta ce to mu je wajen sarkin kasuwa ya duba tsautsayin. Na ce, "In an bi a hankali, za su kai goma sha biyu."

"Gobe ka same ni a Kazaure. Malami nake nema."

Ita ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar makaranta daga Roni. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta yi kiwon awaki kamar kowa, sai ta kafa wannan ƙungiya. Haka na shiga. Ban ce na tuba a ranar ba, don ƙarya ba ta da kyau ga tsoho. Sai da na yi kamar shekara ina kama irina sannan tuban ya iso.

Yanzu abin da ba ku sani ba shi ne, ƙungiya ba ta noma, ba ta fatauci, amma tana ci. Ofis yana son haya, babur yana son mai. Abin da muke tafiya da shi daga wasu masu ba da tallafi ne a Abuja, su ma daga hannun wasu suke karɓa a ƙasashen waje. Mutanen kirki ne, sai dai ba su san gero ba. Rahoto suka sani, da hoto. Rahoto aikin sakatarenmu ne, Barista Nura, saurayin lauya mai kwat, wanda ko a watan zafi ba ya cire ta. Hoto kuwa aikina ne. In ana son manomin da aka cuta, sai a sa mini malfa, ai ina noma. In ana son ɗan kasuwar da ya shiryu, sai in riƙe carbi. In ana son magidancin da ya amfana, sai in rungume buhu. Barista ya ce, "Baba Ilu, ɓata fuska." In ɓata. "Yanzu yi murmushi, amma rufe bakin, haƙoran nan za su kore mana tallafi." Fuskar nan tawa ta je ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, ni kuwa ko Kaduna ban taɓa wucewa ba.

Wata rana muna ofis Hajiya ta ce kamun kwano ɗai-ɗai ba zai ƙare ba. Ka fasa shi a Roni, mako mai zuwa ka tarar da ƙaninsa a Gwiwa. Doka ake so, wadda za ta hau kan kowa a jiha. Barista ya yi mako uku yana rubutu, ya fito da takarda mai kauri. Abin da ta ƙunsa shi ne a soke kwano gaba ɗaya, a koma sikeli, komai da kilo. Mutanen Abuja suka ji daɗi ƙwarai, suka ce abin da suke jira ke nan.

Na ce, "Barista, to ina gyara?"

"Wace gyara?"

"Ɗan hannun nan da mai awo yake ƙara wa mai saye bayan an gama. Ka taɓa ganin mace ta ɗaure bakin buhu ba a yi mata gyara ba?"

"Baba Ilu, wannan ai ba ƙa'ida ba ce. Sikeli ba ya ƙarya."

"Ba ya ƙarya, amma kuma ba ya jin kunya. Mai awo in ya ga tsohuwa, kunya take sa shi ya ƙara."

Suka yi dariya, har Hajiya. Aka ce a je a gwada a kasuwa ɗaya, a ga yadda jama'a za su karɓa.

Kasuwar Gwiwa aka zaɓa, kuma wata jami'a ta taso takanas daga Abuja don ta gani da idonta, da faffaɗar hularta da gorar ruwanta. Muka kafa sikeli a rumfar wata ma'auniya, muka ɗaura ƙyalle mai rubutu. Ta farko da ta zo wata tsohuwar Bafulatana ce, ta sayar da rabin nononta, tana son gero. Aka zuba a sikeli, allura ta ɗan wuce layi. Da ni ne, sai in kau da kai. Barista kuwa ya sa cokali, ya ɗebe cokali biyu ya mayar cikin buhu, don abin ya zauna daidai.

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi cokali.

"Kai ɗan nan, ɗebewa ka yi?"

"Inna, ya wuce kilo ne."

"A gabana? Ina tsaye da raina? Tun ina budurwa nake awo a kasuwar nan, ƙarawa ake yi. Yau an kawo mai kwat yana ragewa da cokali!"

Sauran maganar da Fulatanci ta yi, kuma na gode Allah Barista ba ya ji. Mata suka yo caa. Wata tana cewa gwamnati ce ta hana gyara, wata tana cewa gobe kuma tozo za a hana. Barista ya ɗaga takardarsa yana son ya karanta musu sashe na huɗu, sai ragowar nonon tsohuwa ya sauka a kan kwat. Baƙuwarmu ta Abuja ta bar takalmi ɗaya a Gwiwa. Ni dai na rungume uwar kwano na shige rumfar mai tsire, na zauna kamar mai jiran a gasa masa. Ba a aika hoton ranar ba, amma me za a ɓoye wa wadda ta koma gida da takalmi ɗaya? Da wa'adin tallafi ya cika, aka aiko da wasiƙa mai ladabi, ana yi mana fatan alheri.

Wannan ita ce muguwar shekara. Ofis ya koma garejin Hajiya, kusa da buhunan dusar awakin maƙwabta. Tsohon babur ɗin ƙungiya ya mutu a hanyar Kanya Babba, makaniki ya duba ya ce in yi masa addu'a kawai. Na koma hawa a-kori-kura, a saman buhuna, ina isa kasuwa fari fat kamar an tono ni. 'Yan awo suna ganina sai su ce, "Baba Ilu, ko za ka dawo gida ne? Ga rumfa nan ba kowa." Kwanukan da muka kora suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu har na gane su kamar tsofaffin abokai.

Amma nono ya yi wa Barista amfani. Ya sake rubuta takarda: a bar kwano, a bar tozo, a bar gyara, sai dai kwanon awo ya zama iri ɗaya a duk jiha, da hatimi a jikinsa. Hajiya ta ɗauki takardar ta fara zaryar Dutse. Ku da kuke cewa aiki ba wuya, ku je ku zauna a benci tun hantsi har la'asar kuna jiran mutumin da aka ce yana taro, sannan a ce ku dawo jibi. Ta yi wata da watanni a haka, har kwamitin kasuwanci na majalisa ya sa mana ranar sauraron ra'ayin jama'a. Sai dai an ce mu zo da samfurin kwanon da muke so a amince da shi, mu kuma zo da mutanen kasuwa su yi magana da bakinsu. Mu da ko man babur ya gagare mu.

Ana cikin haka wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gareji. Alhaji Mamuda ne, babban dillalin hatsi, mai rumbuna tun daga Babura har Kano. Ya zauna a kujerar roba, ta yi ƙara. Ya ce ya ji labarin aikin alherin da muke yi, kuma shi mutum ne mai son gaskiya a awo. Zai kama mana ofis. Zai ba da bas a kai mata Dutse. Zai sa maƙera a Kano su buga kwanuka da kuɗinsa. Sannan mai duba awo bai kamata yana hawa saman buhu ba, ga sabon babur can a bayan mota. Abu ɗaya yake roƙo, kwanon da ya zo da shi ya zama shi ne samfurin da za a rubuta a doka.

Hajiya ba yarinya ba ce. Ta ce sai an gwada. Barista ya cika uwar kwano da ruwa har baki, ya juye a kwanon Alhaji. Ya cika cif, ko ɗigo bai zuba ba, ko ɗigo bai rage ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Hajiya ta juyo.

"Malam Ilu, kai me ka gani?"

Ni a lokacin ina bakin taga. Ana sauke babur. Ja ne, ledar kujerarsa ma ba a cire ba. Ko waiwayowa ban yi ba na ce, "Ranki ya daɗe, an gwada sau uku, ai daidai ne."

Ku riƙe wannan, ku masu son gado. Mutumin da ya yi wata uku yana auna yashi, ya yi rabin rayuwarsa yana cuta da kwano, aka ɗauke shi aiki saboda abu ɗaya tak, ranar da aka buƙace shi yana kallon madubin babur.

Ranar zuwa Dutse mata suka cika bas, Hajiya da Barista a gaba. Aka ce in shiga, na ce ni da abin hawana. Tun daga Kazaure na bi su a baya a kan jan babur, hula a karkace, ina danna oda a duk ƙauyen da na san ina da maƙiyi. Ɗakin taron kuwa sanyi kamar randa, ga kafet mai laushi, ga 'yan majalisa a jere kowa da abin magana a gabansa. Barista ya yi bayani da Turanci, ya ƙara da Hausa. Alhaji Mamuda ya tashi ya yi magana a kan tsoron Allah a ciniki har wata mata ta share hawaye. Sai shugaban kwamiti ya ce, "To wa zai auna mana mu gani?"

Aka ce Baba Ilu.

Na shimfiɗa buhu a kan kafet, na durƙusa, na kwance gero. A ranar ne karon farko da na zuba hatsi a kwanon Alhaji. Duk mai awo ya san cewa bayan kwano ya cika baki, hannu uku yake ɗauka kafin hatsi ya fara gangarowa. Na zuba na ɗaya, ya zauna. Na zuba na biyu, ya fara zamewa. Na uku gaba ɗaya ya gangaro kan buhu. Na ce ko sanyin ɗakin ne ya kama mini hannu. Na juye, na sake. Haka dai. Sai na ɗaga kwanon na dube shi yadda ya kamata in dube shi tun a gareji. Ya fi uwar kwano zurfi kaɗan, bakinsa kuma ya fi nata tsukewa kaɗan. Cikinsu ɗaya. Ruwa a baki yake tsayawa, shi ya sa ruwa ya ce daidai ne. Hatsi kuwa ba ya tsayawa a baki, tozo yake yi, kuma tozo a kan faɗin baki yake zama. Wanda ya ƙera wannan kwano ya fi Kawu Sale. Ba bugu, ba kyandir, ba abin da wuƙata za ta kankare. Hannu guda ne zai riƙa ɓacewa a kowane awo, a kowace kasuwa, daga tukunyar kowace mace, da hatimin doka a jiki da sunan ƙungiyarmu a takarda. Shi kuwa Alhaji a buhu yake saye a ƙauye, a kwano yaransa suke sayarwa.

Na ɗaga kai. Alhaji yana mini murmushi. Makullin babur yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinya.

Ba zan ɓoye muku ba, hannuna na hagu ya tafi da kansa ya tokare bakin kwanon, yadda tozo zai hau ya yi kyau a ido. Ba wanda zai gane a cikin masu manyan riguna. Amma a bayana akwai Talatu, wata ma'auniya daga Roni da muka zo da ita, wadda ta fi ni daɗewa a rumfa.

"Ilu," ta ce, ba ta ko rage murya ba, "wannan hannun na mene ne?"

Shugaban kwamiti ya sunkuyo. "Baba, akwai matsala ne?"

Ina iya cewa babu. Ina iya cewa tsufa ne, hannu yana rawa. Na dubi Hajiya, ta cire tabarau tana kallona. Na janye hannu, gero ya gangaro.

"Ranka ya daɗe, akwai. Kwanon nan ɓarawo ne, kuma ni na ce a shigo da shi."

Na cika uwar kwano da tozonta, na juye a na Alhaji a hankali. Ya cika, ya yi ɗan tozonsa, sauran ya watse har kan kafet. Barista ya miƙe yana cewa amma an gwada da ruwa. Talatu ta ce, "Ɗan nan, ruwa kake tuƙa tuwo da shi?" Mata suka kwashe da dariya.

Sai shugaban kwamiti ya taso daga kujerarsa, ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa kusa da ni. Ya ce mahaifiyarsa da awo ta biya masa makaranta. Ya auna da kansa, kuma wallahi wuyan hannunsa ya nuna ɗan gida ne. Ya auna sau biyu, ya karkaɗe hannu, ya ce a mayar da takarda a rubuta faɗin baki da zurfi, ba yawan abin da ciki yake ɗauka kaɗai ba, sannan a dawo. Alhaji Mamuda ya ce kuskuren maƙera ne, zai yi musu magana. Kowa ya ce haka ne, Alhaji. Ba wanda ya ci mutuncin wani.

Muna fitowa direban Alhaji ya tare ni, ya ɗan rusuna.

"Baba, Alhaji yana gaisuwa. Ya ce makulli."

Kwana goma sha ɗaya na yi da babur ɗin. Ledar kujera ma ban cire ba, ina tattalinta. Da muka duba inda bas ta tsaya, ita ma ta tafi da gaisuwar Alhaji. Ga mu a Dutse, mata cike da bakin titi, rana tana dukan kowa.

Na matsa kusa da Hajiya ina jiran ko za a ce sannu da ƙoƙari. Ta ce, "Da ka duba tun a gareji, da yanzu muna gida muna shan fura."

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe."

"Je ka nemo mana mota."

A tasha ne Talatu ta kwance ɗankwalinta na sama ta zagaya da shi, aka haɗa na mota. A cikin motar kuma, muna matse kamar kifin gwangwani, ta ce wa Hajiya, "Ku daina zuwa Abuja da gidan Alhazai. Duk wanda ya ciyar da ku, kwanonsa za ku ɗauka. Mu da ake cuta mu za mu riƙe ku." Aka yi ta musu har Kazaure, aka tsaya a kan hannu guda na hatsi duk ranar kasuwa, daga duk mai awo ko mai saye da ya ga dama. Da shi muke tafiya har yau. Ba ya kama ofis mai fanka, ba ya sayen jan babur, amma ba wanda yake gaya mana girman bakin kwano. Ni ma da gero ake sallamata. Takardar doka tana can Dutse tana bin layi, don ba mu kaɗai ne masu buƙata ba, Hajiya kuma tana nan tana zarya da sandarta. Kafin dokar ta fito, sarakunan kasuwa uku a yankina sun yarda an ɗaure kwano irin uwar kwano da sarƙa a jikin rumfarsu, duk wadda ta yi shakka ta je ta gwada abin da aka auna mata.

Ashe Alhaji ya riga ya sa an buga kwanukan nan mota guda tun kafin mu je Dutse. Da labari ya zagaya, ba mai awon da ya yarda a gan shi da ɗaya, sai aka zubar da su a hannun masu kayan koli da araha. Wata rana na dawo daga Babura a gajiye, na zauna a tabarma, matata Asabe ta ajiye mini tuwo. Ina ɗaga faifai na gane shi. Zurfin nan, tsukakken bakin nan.

"Asabe, wannan daga ina?"

"Araha na samu, Malam, har guda uku. Tuwo ba ya saurin hucewa a ciki."

"Kin san kwanon nan ne ya cinye mini babur?"

"To ga shi yau yana ciyar da kai."

Na leƙa ciki. Malmala biyu ce a inda tsohon kwanona yake ɗaukar uku. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Ci abinka, Malam. An gwada shi da ruwa har sau uku, kuma duk garin nan an san wanda ya ce daidai ne."

Na jawo buta na wanke hannu.